Na aura tumatirin Kaka da UTC, irin ya fito barkatai, kuma Hamma ya ce in fita masa daga lambu

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye kusa da Dadin Kowa a Jihar Gombe, muna noman rani a gandu ɗaya da babban wanmu, wanda muke kira Hamma, tun bayan rasuwar mahaifinmu. Akwai wani tumatir da marigayiya kakarmu take shukawa a bayan gida, mai yaɗo, mai tsaga-tsaga, mai ƙamshi da daɗin miya, sai dai ba ya jure kwando. Na aura shi da hannuna da UTC, tumatir mai tauri da muke kaiwa kasuwa. Irin da na samu ya fito bai ɗaya bara, ga kyau ga daɗi, har Hamma da kansa ya yaba. Na ɗebi irinsa, na roƙi Hamma ya ba ni kashi ɗaya cikin huɗu na lambun bana, sai ga shi ya fito barkatai, wani dogo wani gajere, wani mai tauri wani ruwa zalla. Dillali ya karya farashin kwandunan. Hamma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, na jawo wa gida asara, kuma kada in sake kawo masa wasan yara cikin lambu. Na yanka wasu na ba mutanen gida su ɗanɗana, kowa da abin da ya faɗa, Inna kuwa duk wanda na miƙa mata sai ta ce ya yi. Na tara irin waɗanda suka yi mini daɗi a gwangwani ɗaya, kuma akwai sauran irin Kaka kaɗan a kwalba. Shin irin ya lalace ne? In haƙura, ko akwai hanyar ci gaba? Yaya kuma zan yi da Hamma?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku da kakarku, ya daidaita tsakaninka da ɗan'uwanka. Irinka bai lalace ba, kuma abin da ka gani a lambun bana shi ne ainihin abin da ake tsammani daga zuriya ta biyu ta kowane auren iri. Amma Hamma ma yana da gaskiya da ya ce an yi asara, domin kwandon da aka cakuɗa dogo da mulmulalle, mai tauri da mai ruwa, ba ya samun kuɗin kwandon da ya zo bai ɗaya, kuma asarar ba a aljihunka kaɗai ta faɗa ba. Ka ɗauki aikin zaɓen iri, wanda fangali biyu ko uku suka ishe shi, ka shimfiɗa shi a filin da gida yake jiran ya ci daga gare shi.

Tumatir tsiro ne da furensa yake barbarar kansa, saboda sashen namiji ya kewaye na mace a cikin fure ɗaya. Shi ya sa irin da aka daɗe ana ajiyewa a gida kamar na kakarku, ko wanda masu bincike suka tsayar kamar UC82B da manoma suke kira UTC, yake haifar da kamarsa shekara bayan shekara. Da ka aura su, kowace ƙwayar iri ta karɓi rabin gadonta daga wannan, rabi daga wancan, kuma abin da kowace ta karɓa daidai yake da na 'yar'uwarta, saboda haka suka tashi bai ɗaya. Wannan zuriya ce kamfanoni suke rubuta wa F1 a jikin gwangwanin iri mai aure. Fitowarta bai ɗaya shaida ce cewa iyayen biyu tsayayyu ne, kuma ka yi dace a nan, idan aka dubi yadda ake cakuɗa iri a kasuwa. Da zuriyar farkon ta barbari kanta, sai gadon da aka haɗa ya sake rarrabuwa, kowace ƙwaya ta ɗebi haɗin da ya zo mata. Masanin gadon halitta Gregor Mendel ya bayyana wannan tsari a binciken da ya wallafa a 1866 kan wani nau'in wake, kuma tumatir yana bin sa sau da ƙafa.

Kana iya gwada maganata da abin da idonka ya gani. Yaɗo yana rinjayar gajarta a tumatir, don haka zuriyar bara duk ta yi yaɗo irin na Kaka, a ta bana kuma kusan 1 cikin 4 ne ya koma gajere mai tsayawa da tsawo kamar UTC. Halin da yake ɓuya irin wannan, da zarar ya bayyana ya tsaya ke nan, gajeren gindi ba zai sake haifar mai yaɗo ba, alhali 2 cikin 3 na masu yaɗon suna ɗauke da gajartar a ɓoye. Daɗi da girma da tauri ba sa bin wannan lissafi mai sauƙi, domin ƙwayoyin gado masu yawa ne suke haɗuwa su yi su, shi ya sa suke zuwa mataki-mataki kuma suke daɗewa ba su tsaya ba. Kowace zuriya rabin gaurayen da ya rage take kawarwa: kashi 50 cikin 100 ya rage a ta biyu, 25 a ta uku, kusan 12 a ta huɗu, kusan 6 a ta biyar, kusan 3 a ta shida. Irin da ke cikin gwangwaninka zuriya ta uku ne. Kenan akwai shuka huɗu a gabanka kafin ka ce kana da iri tsayayye, wato shekara huɗu idan rani kaɗai za ka yi, ko shekara biyu idan ka haɗa da damina.

Kafin ka ɗauki wannan doguwar hanya, ka san cewa tumatirin da Hamma ya yaba bai ɓace ba. Duk ranar da ka sake aura irin Kaka da UTC, shi ne zai sake fitowa, kuma haka kamfanoni suke yi duk shekara, da hannu, fure bayan fure. Ka sa UTC ya zama uwa, domin furensa ya fi na mai tsaga-tsaga sauƙin cire sashen namiji kafin ya buɗe, kuma yana ba ka hanyar kama kuskure: duk gindin da ya tashi gajere a cikin 'ya'yan, auren bai kama ba, furen ne ya barbari kansa. Ka yi aikin da safe a cikin sanyin hunturu, saboda garin fure yana yin rauni ƙwarai idan zafin rana ya kai digiri 35, ka kuma ɗaura zare a wuyan kowane furen da ka aura. Kowane tumatir ɗaya yana ba da ƙwayoyin iri gommai, don haka fure ashirin ko talatin da suka kama sun ishi fangaloli da dama. Sharaɗin wannan duka shi ne iyayen biyu su zauna a hannunka, kuma a nan ne hankalina ya fi tashi a wasiƙarka. UTC kana iya sayensa gobe, amma irin Kaka idan ya ƙare a kwalbar nan ya ƙare ke nan, ga shi ƙwayar tumatir tana raguwar tsiro bayan 'yan shekaru, balle a ɗaki mai zafi. Aikinka na farko a shuka mai zuwa shi ne ka tayar da gindi goma ko fiye na irin Kaka zalla, nesa kaɗan da sauran, ka rufe wasu gungun furanni da ƙyalle mai shara-shara kafin su buɗe don kada ƙwari su kawo garin wani, ka sabunta ajiyar. Kada ka shuka duk abin da ke kwalbar a lokaci ɗaya.

Game da Hamma, kada ka je masa da bayanin Mendel, domin wanda ya sayi fetur ya yi ban ruwa wata uku ba darasi yake jira ba. Ka zauna ka lissafa kwandunan da aka ɗiba a kashin da ya ba ka, da bambancin kuɗin da dillali ya biya da wanda ya biya a kan UTC a ranakun, ka kai masa adadin da bakinka kafin ya sake ambata shi. Ka ce masa ka gane inda aka yi asarar, kuma ka yarda a cire ta daga rabonka, ko ka biya da aiki a hankali. Idan maganar ta yi zafi har ba kwa iya zama ku biyu, ka nemi baffanku ya zauna tare da ku, amma kada ka sa Inna a tsakiya, domin nauyin 'ya'ya biyu ne za ka ɗora mata. Bayan ya huce, abin da za ka roƙa ba kashi ɗaya cikin huɗu ba ne, gayauna ce a gefen lambu, abin da iyayenmu suka saba ba ƙaramin da ke cikin gandu ya gwada hannunsa ba tare da ya taɓa abincin gida ba. Fili mai mita 5 a faɗi da mita 6 a tsawo yana ɗaukar gindi 60 har da hanyar wucewa. Ka ɗauki kuɗin takinsa da rabonsa na fetur, ka yi alkawarin cewa ko ɗaya daga 'ya'yansa ba zai shiga kwandon kasuwa ba, tukunyar gida za su tafi, ka kuma yi alkawarin tuge shi da ƙone karmaminsa rana ɗaya da sauran lambun. Wannan na ƙarshe zai fi kwantar masa da hankali fiye da yadda kake zato, saboda duk manomin da ya ga abin da tsutsar Tuta absoluta ta yi wa tumatir a Arewa a 2016 ba ya son tsohuwar shuka ta zauna kusa da shi tana renon ƙwari.

Gindi 60 ba adadi ne na gaibu ba. Idan halin da kake nema yana fitowa a 1 cikin 4, gindi 11 sun isa ka kusan tabbatar da samunsa. Idan halaye biyu irin wannan kake so su haɗu a gindi ɗaya, damar ta koma 1 cikin 16, kuma sai ka shuka wajen 47 kafin ka sami irin wannan tabbacin. Idan uku ne, 1 cikin 64, sai kusan 190. Mutumin da yake son daɗin na Kaka da taurin UTC da gajarta da ja da girma da jure cuta duk a lokaci ɗaya, a fili ɗan ƙarami, zai ƙare bai riƙe ko ɗaya ba. Ka zaɓi biyu ka tsaya a kansu. Da ni ne, daɗin miya da iya kwana huɗu ko biyar ba tare da laushi ba zan riƙe, in bar siffa ta zo yadda ta zo.

Haɗa irin a gwangwani ɗaya bai ɓata komai ba, masu fitar da iri ma sukan tara zuriyoyin farko a haɗe da gangan, su jinkirta zaɓe. Abin da ka rasa shi ne sanin wace ƙwaya ce daga wane gindi, kuma daga yanzu wannan sanin shi ne jarin aikin. Gindi ake zaɓa, ba ɗan tumatir ba. Duk 'ya'yan gindi ɗaya gadon uwa ɗaya suke nunawa, don haka ɗan da ya fi kyau a cikin kwando wataƙila rana ce ta fi samunsa, ko ya fi nuna, ba wai irinsa ya fi ba. Ka ba kowane gindi lamba a jikin sanda tun ranar dashe, ka buɗe littafi, ka rubuta ranar da ya fara huda, da yawan 'ya'yansa, da ko yana fashewa, da ko ya kama cuta. A cikin layukan ka dasa gindi biyar na UTC da biyar na irin Kaka, a warwatse ba a kusurwa ɗaya ba, domin su ne ma'auninka. Ba tare da su ba, ba za ka iya sanin ko daɗin da ka ji na iri ne ko na shekara ba.

Wannan ya kawo mu ga ruwa, wanda shi ne babban mai ruɗa ɗanɗano. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, kuma gindin da ya sha ruwa da yawa gab da nuna yakan ba da 'ya'ya manya masu lami, wanda ya ɗan ji ƙishi kuma ya ba da ƙanana masu ƙarfin ɗanɗano. Gindin da ke bakin fangali inda ruwa yake shigowa da wanda ke can ƙarshe ba abinci ɗaya suka ci ba, ko da 'yan'uwa ne. Ka daidaita fangalin sosai, ka ba kowa taki ɗaya, kuma kada ka yanke hukunci a kan gindin gefe da ya fi kowa samun rana da iska. Lokaci ma yana da nasa tasirin. Jan launin tumatir ba ya haɗuwa da kyau idan zafi ya haura digiri 30 zuwa 32, shi ya sa 'ya'yan ƙarshen Maris da Afrilu a Gombe sukan zo da ruwan lemo maimakon ja. Ɗibar Janairu da Fabrairu ce za ka auna da ita. Idan ka yi shukar damina don gaggauta zuriya, ka ɗauke ta a matsayin gwajin jure cuta, ka ɗebi iri daga kowane layi mai lafiya, ka bar hukuncin daɗi sai rani.

Ɗanɗanon da ka yi a gida bai gaya maka komai ba, kuma ba laifin mutanen gidan ba ne. Uwa ba za ta kushe abin da ɗanta ya wahala a kai ya miƙa mata da hannunsa ba, ƙarami kuma ba zai saɓa wa abin da babba ya riga ya faɗa a gabansa ba. Sai ka cire kunya daga cikin gwajin. Ka tsinko 'ya'yan da suka nuna sarai a jikin gindi, da safiya ɗaya, daga sahun 'ya'ya na biyu ko na uku, kada ka haɗa wanda ya nuna a rana da wanda aka ciro da ɗanyensa ya ƙarasa a ɗaki. Kada ka sa su a firiji, domin sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12 yana rage ƙamshin tumatir. Ka ba wani ƙaninka ya jera su a faranti, ya canza lambobin zuwa wasu da shi kaɗai ya san fassararsu, yadda kai ma ba za ka gane gindin da zuciyarka ta riga ta so ba. A yanka daga sama zuwa ƙasa, kowa ya sami tsoka da ruwan cikin mai 'ya'ya tare, saboda tsamin ya fi taruwa a ruwan cikin, kuma wanda aka ba tsoka zalla wani tumatir daban ya ci. Babu gishiri, babu yaji. Faranti shida zuwa takwas sun isa a zama ɗaya, harshe yana gajiya bayan haka, a kuma kurkure baki da ruwa tsakanin kowane biyu. Kowa ya shiga shi kaɗai, a ba shi ƙwayar masara biyar ya zuba a kofin da ke gaban waɗanda suka fi yi masa, a rufe kofunan kada na baya ya ga zaɓin na gaba. A cikin farantan a ɓoye UTC da na Kaka, a kuma sa gindi ɗaya sau biyu da lambobi daban. Wanda ya ba ɗaya masara uku ya hana ɗayan, ka gode masa, amma kada ka jingina da harshensa. Ka maimaita gwajin bayan mako ɗaya ko biyu da sabuwar ɗiba, kuma gindin da ya yi fice sau biyu shi ne abin riƙewa.

Duk da haka ɗanyen ɗanɗano rabin labari ne a wurinmu, domin ban da wanda ake yankawa a kan tsire ko kwaɗo, tumatirinmu a tukunya yake ƙarewa. Alƙalan wannan sashe su ne masu girki, kuma a nan Inna da matar Hamma sun fi ka sani nesa ba kusa ba, matuƙar ba su san wanne ne naka ba. A auna nauyi ɗaya daga kowane, misali rabin kilo, a markaɗa shi kaɗai ba attaruhu ba albasa, a dafa a tukunya ɗaya da wuta ɗaya da mai cokali ɗaya, kuma kada a sa kanwa ko dunƙule. A lura da tsawon lokacin da ruwan yake ɗauka kafin ya tsotse, da yawan abin da ya rage a ƙasan tukunya, da launinsa, da ko tsamin ya kwanta da kansa. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: da kanwa nawa za ki kashe tsamin wannan? Tumatir mai tsami kaɗan da zaƙi yakan yi armashi a ɗanye, amma idan ya nemi kanwa da yawa a miya, uwargida ba za ta sake sayensa ba. Yawan abin da ya rage ma kuɗi ne, saboda irin da busasshen nauyinsa ya kai kashi 6 cikin 100 yana ba da miya ko kauɗa da ta fi ta mai kashi 5 da kashi ɗaya cikin biyar. Gindi ɗaya ba ya ba da nunannun 'ya'yan da za su ishi duk wannan a rana ɗaya, don haka a shuka mai zuwa ka tsaya a ɗanyen ɗanɗano da gwajin ajiya, wato 'ya'ya biyar daga kowane gindi a inuwar ɗaki kana duba ranar da suka fara laushi. Gwajin tukunya da na kauɗa ya jira shuka ta gaba, lokacin da kowane zaɓaɓɓen gindi ya zama layi mai 'ya'ya goma ko goma sha biyu.

Akwai abu biyu da idonka zai so ya yar, waɗanda ya kamata ka jinkirta a kansu. Na farko shi ne mai koren kafaɗa, wanda samansa yake da duhun kore kafin ya nuna. Galibin irin kamfani an zaɓe su ne su nuna bai ɗaya ba tare da wannan kafaɗar ba, kuma binciken da aka wallafa a mujallar Science a 2012 ya nuna cewa wannan halin na nuna bai ɗaya yana rage sukarin da ɗan tumatir yake tarawa. Sai dai koren kafaɗa yana da nasa aibin, a rana mai zafi yakan bar saman da tauri da rawaya, don haka a gwada shi, kada a ɗauka ya ci tun kafin a ɗanɗana. Na biyu shi ne matsakaicin girma. Wani babban bincike da masana na Jami'ar Florida a Amurka suka yi da abokan aikinsu, wanda ya fito a 2017 bayan nazarin nau'in tumatir kusan 400, ya tabbatar da cewa girma da zaƙi suna jan juna baya. Idan kana bin manya kawai, kana nisanta kanka daga abin da ya sa ka fara aikin. Akwai ƙaramar na'urar hannu da ake ɗiga ruwan tumatir a kai ta nuna yawan abin da ya narke a ciki, galibinsa sukari, kuma tumatirin miya yakan faɗa tsakanin 4 da 6 a ma'auninta. Ka yi dace da maƙwabta, domin Kwalejin Tarayya ta Noman Lambu da reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, duk suna Dadin Kowa, kuma ya dace ka je da littafinka ka nemi malamin da zai duba shi. Amma na'urar ba ta jin ƙamshi, don haka ba ta maye gurbin harshe.

Daga gindi 60 ka riƙe biyar ko shida kawai. Ka matse irin kowane a kofinsa daban da ruwan cikinsa, ka bar shi kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami har santsin ya sake shi, ka wanke, ka zubar da wanda ya taso sama, ka shanya na ƙasan a inuwa, ka zuba a ambulan takarda mai lambar gindi da shekara, sannan a kwalba mai murfi a wuri mai sanyi. Rabin kowane ambulan za ka shuka, rabin ya zauna, saboda layin da ya yi kyau a wannan zuriya yana iya ba ka kunya a ta gaba, kuma ragowar ce za ta ba ka damar komawa baya. A kowace shuka ka fara zaɓen layin da ya fi, sannan gindin da ya fi a cikin layin.

Ya kamata kuma ka san wanda kake yi wa wannan tumatir. UTC an fitar da shi ne a Jami'ar Kalifoniya don masana'antar tumatirin gwangwani, taurinsa shi ne darajarsa, kuma dillalin da zai loda kwando zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, tauri da ja da daidaito yake biya, ba ya ɗanɗanawa. Naka ba zai yi takara a can ba, kuma bai kamata ka sa wa Hamma rai da haka ba. Masu sayensa suna kusa, su ne magidanta da masu sayar da abinci da masu tsire na cikin garin Gombe, tafiyar kimanin kilomita 40, waɗanda za su dawo neman mutum ɗaya idan miyarsu ta yi daɗi. Sayar da irin kansa kuwa wata magana ce mai dokokinta a ƙarƙashin Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, kuma lokacinta bai yi ba.

Ka sa wa kanka iyaka tun yanzu, ka kuma faɗa wa Hamma ita a zaman da za ku yi. Daga shukar da za ka fara gwajin tukunya, ka riƙa sa sabon auren farko, wato zuriyar farko ta irin Kaka da UTC, a cikin farantan da aka ɓoye sunansu, tare da UTC da irin Kaka. Idan aka yi shukar rani biyu a jere babu layi ɗaya daga cikin zaɓaɓɓunka da ya kamo auren farkon a miya kuma ya fi na Kaka kwana a ajiya, ka rufe zaɓen, ka riƙe iyayen biyu, ka ci gaba da aura su duk hunturu gwargwadon abin da gayaunarka da masu sayenka za su ɗauka. Idan kuwa wani layi ya yi fice a shukar biyu kuma 'ya'yansa sun fara zuwa bai ɗaya, ka ba Hamma irin fangali ɗaya ya shuka da hannunsa kusa da UTC ɗinsa, ya yi masa ban ruwa da taki yadda ya saba, shi ya yanke ko za a ƙara masa fili.